Kalma ɗaya ta isa ta raba ƙasa? Abin da ya faru a Kodebuwa

Ɗan_Goro:
Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya muka yi gardama da wani abokina a majalisa har mai shayi ya kwashe kayansa ya bar mu. Mahaifina ya yi shekara 24 yana fataucin goro a Anyama, kusa da Abijan, can ma aka haifi yayyena biyu. Ƙarshen 2002 ya dawo Maraɗi da jaka ɗaya da rediyonsa. Har yau in ka tambaye shi me ya kore shi, ba ya cewa yaƙi. Cewa yake yi, "Bedie ne ya kawo kalma." Yana nufin tsohon shugaban ƙasar, Bedie, da kalmar nan ta Faransanci, ivoirité, shi "ibuwarite" yake ce mata, wato wane ne ɗan Kodebuwa na asali. Abokina ya ce Baba ya sauƙaƙa magana ne kawai, babu shugaban da zai sa ka tsani maƙwabcinka in dama ba ka riƙe shi a rai ba. Ni na rasa abin da zan ce masa. To masana, shugabanni ne ke ƙirƙiro ƙiyayya, ko tarar da ita suke yi su hura?

Ummu_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Abokinka yana da gaskiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Malam_Tarihi:
Hajiya, bangon ya tsage kam, amma a duba wanda ya sa diga ya faɗaɗa tsagar. Bari in ɗan yi tsawo, a yi haƙuri.

Houphouet-Boigny ya mulki ƙasar tun 1960 har ya rasu ranar 7 ga Disamba 1993. Arzikin ƙasar koko ne da kofi, gonakin kuma suna buƙatar hannu, don haka ya buɗe ƙofa. Mutanen Burkina da Mali da Gini da Nijar suka yi ta kwarara, shi kuma ya ce ƙasa ta wanda ya noma ta ce. Ƙidayar 1998 ta nuna kusan kashi 26 cikin ɗari na mazauna ƙasar baƙi ne, da yawansu ma a can aka haife su. Muddin koko yana da daraja babu mai tambayar kakan wani. Ƙarshen shekarun 1980 farashi ya faɗi, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, samarin da suka yi boko suka rasa aiki a birni suka koma ƙauye, suka tarar iyayensu sun daɗe da ba baƙi gonakin. Wannan ita ce tsagar.

Ga kuma digar. Da tsoho ya rasu, Henri Konan Bedie, shugaban majalisa, ya gaje shi. Wanda yake tsoro shi ne Alassane Ouattara, firaminista daga 1990 zuwa 1993, Musulmi ɗan arewa. Sai aka yi dokar zaɓe a 1994 cewa mai neman shugabanci dole uwarsa da ubansa su zama haifaffun ƙasar, aka kuma shiga yaɗa cewa Ouattara ɗan Burkina ne. Don mutum ɗaya aka ɗinka rigar. Amma sunayen mutanen arewa, su Kulibali da Tarawure da Kone, iri ɗaya ne da na Mali da Burkina. Ranar da aka ce wancan babban baƙo ne, duk mai irin sunansa ya zama abin tuhuma a shingen jandarma.

Ɗan_Goro:
Allah ya gafarta Malam, wannan na shingen shi ne Baba ke yawan faɗa. Ya ce har 'yan ƙasa Julawa ana karɓar katinsu a ce na jabu ne, wani lokaci a yaga a gabansu.

Sadiq_Kd:
Ni a sanina Gbagbo ne ya kawo wannan abin, ba shi aka kai kotun duniya ba?

Malam_Tarihi:
A'a Sadiq, zamanin Bedie aka fito da ita. Laurent Gbagbo, wanda ya hau mulki a 2000, ya gaje ta ne ya yi aiki da ita. Kuma kotun ta Hague ta wanke shi a Janairun 2019, aka tabbatar da hukuncin a 2021, ya koma gida a watan Yunin shekarar.

Tsohon_Direba:
Ku yara kuna karantawa a littafi, mu a hanya muka gani. Na yi shekaru ina jan babbar mota daga Yamai zuwa Abijan ta Wagadugu da Buwake. Amma Malam ka tsallake abu ɗaya, kuma ba zan bari ya wuce ba. Takardar zaman baƙi, wadda ta zama sandar dukanmu, lokacin da Ouattara yake firaminista aka kawo ta, don gwamnati na neman kuɗi. Shi da kansa ya saƙa igiyar da aka zo aka ɗaure mutanensa da ita. Kafin takardar nan in ka isa shinge gaisuwa ce da ɗan na goro. Bayanta kuwa sai a sauke fasinja a jera su gida biyu, masu takarda nan, marasa ita can. Na taɓa kwana a wani shinge saboda yaron motata ba shi da ita, sai da na biya abin da ya fi kuɗin takardar.

Malam_Tarihi:
Gaskiya ne Baba, na karɓi gyara. Kuma shi ma Ouattara da aka matsa masa ya fito ya ce don shi Musulmi ne ɗan arewa ake hana shi. Akwai gaskiya a ciki, amma maganar ta ƙara mai da rigimar kujera ta koma ta addini da yanki.

Barista_Nura:
Abin da ya fi ba ni mamaki a matsayina na mai karatun shari'a shi ne yadda ƙasa guda ta rabu a kan harafi biyu. Bayan Janar Robert Guei ya kifar da Bedie ranar 24 ga Disamba 1999, aka zauna rubuta sabon tsarin mulki. Sashe na 35 ne ya zama fagen daga: ɗan takara ya kasance ubansa KO uwarsa 'yan asali ne, ko kuwa ubansa DA uwarsa? Ana dab da ƙuri'ar raba gardama a Yulin 2000 aka tsaya a kan "da". Har mutane suka riƙa kiran junansu 'yan "da" da 'yan "ko". Kotun ƙoli ta hana Ouattara takara, abin dariyar kuma ta hana Bedie shi ma. Guei da ya zo yana cewa share gida zai yi ya tafi, kujera ta yi masa daɗi, ya ɗauki kalmar da ya tarar. Bayan zaɓen Oktoba aka tsinci gawa 57 a unguwar Yopougon ta Abijan. Sai a tsarin mulkin 2016 aka mayar da "ko".

Ummu_Hanifa:
Inna lillahi. Ni dai har yanzu ina kan bakata. Bedie bai riƙe wa kowa hannu ya ce je ka ƙona gidan wane ba.

Hajiya_Zango:
'Yar'uwa, bari in ba ki labarin gidanmu, daga Kumasi nake magana. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar Gana. Kakata a zango aka haife ta, ba ta taɓa ganin Kano ba, yaren Asante a bakinta kamar ruwa. 'Yan'uwanta da yawa suka hau mota suka tafi ƙasar da ba su sani ba, ita ta tsaya don mijinta yana da takarda. Abin da take faɗa mana har ta rasu shi ne, matan da suke cin kasuwa tare shekara da shekaru ba su taɓa ce mata baƙuwa ba sai bayan sanarwar nan. Kwana biyu kacal wata ta zo tana taya rumfar ƙanwarta da kuɗin da bai kai na buhun gero ba, tana cewa ai gara ki karɓa tunda tafiya za ki yi. Ƙila dama tana ƙyashin rumfar, ban musa ba. Amma ƙyashi a zuci daban, ranar da hukuma ta ce miki halal ne daban.

Ummu_Hanifa:
Wannan kam ta shige ni, Hajiya. Allah ya jiƙan kaka.

Bala_Fagge:
Kafin mu cika baki a kan Gana da Kodebuwa, laifi tudu ne fa. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice daga Najeriya. Kuɗin mai ya ja baya, zaɓe na tafe a watan Agusta, ga kuma tabon Maitatsine na 1980 da ake ta cewa ɗan Kamaru ne. Mutum wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran har da 'yan Nijar da Chadi. Jakar nan "Ghana Must Go" da muke zuba kayan lefe a ciki daga nan ta samo sunanta, muna faɗa muna dariya.

Kanuri_Boy:
Yaya Bala ka manta da namu na Borno. Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar jihar Borno ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, a 1980 aka ɗauke shi aka tsallaka da shi Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ce ta dawo masa da 'yancinsa. Shekara 14 kenan kafin Bedie ya yi tasa dokar.

Barista_Nura:
Haka Zambiya. Kenneth Kaunda ya mulki ƙasar shekara 27, amma a 1996 gwamnatin Chiluba ta gyara tsarin mulki aka hana shi takara saboda iyayensa daga Malawi suka zo. Mutumin da ya karɓo wa ƙasa 'yanci!

Ɗan_Sahel227:
Ni fa ban gane inda aka dosa ba. Yanzu kishin ƙasa laifi ne? Kowace ƙasa tana da ikon sanin wane ne ɗanta. Je ka Saudiyya ka yi shekara 40 ka ga ko za su ba ka takardar ɗan ƙasa. Kishin ƙasa ne ya sa Seku Ture na Gini ya ce wa Faransa a'a a 1958, shi ne ya fitar da sojan Faransa daga Nijar a 2023. In Bature ya kare iyakarsa a ce doka, in baƙar fata ya yi a ce ƙiyayya.

Malam_Tarihi:
Ɗan'uwa, babu wanda ya ce ƙasa kada ta san 'ya'yanta. Tambayar ita ce yaushe ake tuno da zancen, kuma wa ake nufi da shi. Shekara 33 Houphouet yana mulki, baƙi 'yan Afirka har ƙuri'a suna jefawa, jam'iyyar Bedie ce ke cin moriyar ƙuri'un. Ba a ga aibinsu ba sai da aka ga za su iya bin wani. Seku Ture da ka kawo ma, a 1976 ya ce ya gano makircin Fulani, ya yi jawabai yana zagin ƙabila guda, Diallo Telli da ya fara riƙe sakataren ƙungiyar haɗin kan Afirka ya mutu a kurkukun Boiro a 1977. Bakin da ya ce wa Faransa a'a shi ne ya juyo kan 'yan gida.

Ɗan_Sahel227:
To ai Faransa ce ke haɗa duk wannan. A Kodebuwa ba su ne suka ragargaza jiragen yaƙin ƙasar a 2004 ba? Ba su ne suka taimaka aka kama Gbagbo a 2011 ba?

Tsohon_Direba:
Sun yi, yaro, babu mai wanke su. Amma wanda ya sauke ni daga mota ya ce in yi tsallen kwaɗo ba Bafaranshe ba ne. Kuma samarin Ble Goude, jagoran matasan Gbagbo, da ke cika titi suna zagin Faransa, in sun gama, unguwannin talakawa 'yan arewa da baƙi suke bi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Mai_Kula_Da_Zaure:
A yi hattara don Allah. Ba a buɗe wannan zaure don siyasar Nijar ta yau ba. Duk wanda ya zagi wani zan goge.

Dr_Maryam:
Ina so in koma kan tambayar Ɗan_Goro, don ina ganin an raba abin gida biyu alhali tare suke tafiya. Ku ɗauki Ruwanda. Hutu da Tutsi harshensu ɗaya, suna auratayya. Turawan Beljiyam ne suka rubuta ƙabila a katin shaida a shekarun 1930, kuma an yi kashe-kashe tun 1959, don haka garwashin yana nan. Amma kisan 1994 shirya shi aka yi. A Nuwamban 1992 wani jigon jam'iyya mai mulki, Leon Mugesera, ya tsaya gaban taro ya ce za a mayar da Tutsi Habasha ta kogin Nyabarongo. A 1993 aka buɗe rediyon RTLM, kiɗa mai daɗi da barkwanci, ana kiran mutane kyankyasai. Da aka harbo jirgin shugaban ƙasar, Habyarimana, ranar 6 ga Afrilu 1994, rediyon nan har sunaye da wuraren ɓuya yake karantawa. Cikin kwana 100 aka kashe wajen mutum 800,000, gawarwaki kuwa suka bi kogin da aka ambata. Kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha ta ɗaure Ferdinand Nahimana, malamin tarihi ne, ba a kan ya ɗauki adda ba, a kan abin da rediyonsa ya faɗa.

Sadiq_Kd:
Malamin tarihi? @Malam_Tarihi ka ji fa, a riƙa sa maka ido.

Malam_Tarihi:
Ka yi dariya, amma maganarka akwai ƙamshin gaskiya. Ita ma ivoirité malaman jami'a ne suka zauna suka yi mata ado da rubuce-rubuce. Milosevic, shugaban Sabiya, kuma da tarihi ya yi aiki: ranar 28 ga Yuni 1989 ya tara Sabiyawa a filin Kosovo don cikar shekara 600 da yaƙinsu da Turkawa a 1389, ya yi musu zancen yaƙe-yaƙen da ke gaba. Shekara shida bayan nan aka kashe maza da samari Musulmi wajen 8,000 a Srebrenica ta ƙasar Bosniya.

Wad_Damazin:
Salam daga Sudan, ku yi haƙuri da Hausata. Kakanninmu sun zo nan fiye da shekara 100, wasu a hanyar hajji, wasu bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. A Yulin 2022 a jihar Blue Nile, da Hausawa suka nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, sai magana ta koma ƙasar wa ce, wa ya zo daga baya. Aka kashe mutum fiye da 100, a Oktoba abin ya sake tashi a Wad al-Mahi ya fi na farko muni. Duk abin da kuke faɗa na Abijan mun ji shi da kunnenmu da Larabci. Kafin a fara harbi sai da aka yi makonni ana rubutu a Facebook.

Hajiya_Zango:
Allah ya kawo muku sauƙi, ɗan'uwa. Yanzu kuma ga yaƙin da ya haɗa kowa.

Bala_Fagge:
Abin da ke ƙona min rai shi ne ƙarshen labarin. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ban da a siyasa. Bedie da ya ce Ouattara baƙo ne, a 2005 suka ƙulla ƙawance, a zagaye na biyu na zaɓen 2010 ya ce magoya bayansa su zaɓe shi. Rikicin bayan zaɓen ya ci rai wajen 3,000. Bedie ya rasu a 2023, aka yi masa jana'izar girma. Haka Kenya: bayan zaɓen 2007 an kashe fiye da mutum 1,000, Uhuru Kenyatta da William Ruto suna ɓangarori biyu masu gaba, kotun duniya ta tuhume su duka, a 2013 suka tsaya takara tare suka ci. Su sun shirya, wanda aka ƙona wa gida fa?

Ɗan_Sahel227:
Kuma kada a mai da mutanen Ouattara waliyyai. A Duekoue cikin Maris 2011 ɗaruruwan mutane aka kashe bayan dakarunsa sun kama garin, yawancinsu 'yan ƙabilar Gere. Wa aka kai Hague a kan wannan?

Malam_Tarihi:
Babu. A nan kam muna tare.

Barista_Nura:
Kuma zancen bai mutu ba. A 2025 kotu ta cire Tidjane Thiam, shugaban jam'iyyar Bedie, daga rajistar masu zaɓe a kan batun takardar ɗan ƙasar Faransa da ya taɓa karɓa. Jikan dangin Houphouet ne fa. Yau kuma gwamnatin wanda aka taɓa ce wa baƙo ce ke kan mulki.

Ummu_Hanifa:
To ni yanzu na sassauta, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Ko a Ruwanda akwai Hutun da suka ji rediyon nan suka ɓoye maƙwabtansu. Kunne ɗaya, magana ɗaya, wani ya ɗauki adda wani ya buɗe ɗaki. In an ɗora wa shugaba duka, an wanke wanda ya yi saran.

Ɗan_Goro:
Na gode jama'a. Bayan la'asar na karanta wa Baba wasu daga cikin amsoshin. Da na zo kan na Tsohon_Direba ya yi dariya ya ce wannan ya san hanya, a tambaye shi ko ya taɓa ɗaukar goro daga Anyama. Na kuma gaya masa maganar Hajiya Ummu. Ya yi shiru, sannan ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce bayan ɓarkewar tawaye ranar 19 ga Satumba 2002, da aka fara rusa unguwannin baƙi a Abijan, mai gidan da yake haya, wani dattijo Kirista, shi ya ɓoye su kwana tara a ɗakin ajiyarsa. Amma ɗan dattijon na cikinsa, wanda Baba ya sha biya wa kuɗin makaranta, yana cikin samarin da ke tsare hanya suna duba katin mutane. Na ce to Baba wanne ne ɗan Kodebuwa na asali a cikinsu? Ya ce in tashi in kawo masa buta.

Tsohon_Direba:
Ka gaishe min da Alhaji. Ka ce masa na ɗauka, ba sau ɗaya ba, har Zinder nake kaiwa. Ka tambaye shi ko dattijon nan yana raye.

Ɗan_Goro:
Zai ji, Baba. Dattijon ya rasu tun 2009. Ɗan nasa ne ya bugo waya ya faɗa mana.